Darasi na Bakwai: Tsare Dukiyar Kasuwanci daga Zamba

Manufofin darasi

Idan aka kammala wannan darasi, ana so ɗalibi ya iya:

1. faɗin abin da ake nufi da sa-ido na cikin gida, da yadda ya bambanta da aikin odita;
2. kawo abubuwa uku da ke haɗuwa kafin mutum ya ci amanar dukiya;
3. raba aikin kuɗi tsakanin mutane a shago ko ƙungiya, ko da hannaye ba su da yawa;
4. daidaita lissafin sito da na kuɗin hannu har ya gano giɓi da kansa.

1. Yaya amintacce yake cin amana?

A Kanya Babba da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Babura, har zuwa Kazaure, Roni da Gwiwa, yawancin kasuwanci a kan sanayya yake tafiya. Yaron shago ɗan ƙanen maigida ne. Ma'ajin ƙungiyar manoma an zaɓe shi ne don kowa ya shaide shi da gaskiya. Uwar adashi maƙwabciya ce tun ƙuruciya. Wannan sanayya ita ke sa a ba mutum kaya bashi ba lauya ba takardar kotu, kuma alheri ce babba. Amma ku lura da abu guda. Wanda ba a yarda da shi ba, ai ba a miƙa masa makullin sito. Ashe duk ɓarnar da za a yi daga ciki, ta hannun amintacce za ta bi.

Wani masanin halayyar masu laifi ɗan Amurka, Donald Cressey, ya bi gidajen yari yana hira da mutanen da aka ɗaure saboda cin kuɗin da aka ba su riƙo, ya fitar da abin da ya gano a littafi a 1953. Daga aikinsa ne masu binciken kuɗi suka samo abin da suke koyarwa har yau, cewa abu uku ke haɗuwa kafin a yi zamba. Na farko matsi: bashi ya taso, ko jinya, ko auren 'ya, ko caca, kuma mutum yana jin nauyin faɗa wa kowa. Na biyu dama: ya ga idan ya ɗauka ba mai sani. Na uku uzurin da yake ba zuciyarsa, irin su "aro na yi, da kaka zan mayar", ko "shekara nawa ina yi masa wahala bai ƙara mini ko kwabo ba".

Maigida ba ya ganin zuciyar yaronsa. Matsin da ke gidan yaron ma ba a hannunsa yake ba, iyakarsa ya biya haƙƙi a kan lokaci. Abin da yake da iko a kai shi ne na tsakiya, wato damar. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

AKWATIN MA'ANA
Zamba: yaudarar da aka yi da gangan don a ci dukiyar wani. Kuskuren lissafi ba zamba ba ne, domin babu niyya a cikinsa.
Sa-ido na cikin gida: ƙa'idoji da ayyukan da masu kasuwanci suka tsara wa kansu don tsare dukiya da tabbatar da cewa abin da ke littafi shi ne gaskiya.
Odita: mai binciken kuɗi, wanda ke duba littattafai da takardu ya faɗi ko za a iya dogara da su.

2. Rigakafi da ganowa

Matakan sa-ido iri biyu ne. Akwai na rigakafi, masu hana ɓarna faruwa, kamar kwaɗo a ƙofar sito ko sa hannun mutum biyu kafin a cire kuɗi. Akwai na ganowa, masu tono ɓarnar bayan ta faru, kamar ƙirga kaya da gwada littafi da bayanin banki. Ba a zaɓar ɗaya a bar ɗaya. Kuma wani abin lura shi ne, matakin ganowa yakan rikiɗe ya zama rigakafi, domin wanda ya san za a ƙirga, da wuya ya taɓa.

Manyan kamfanoni da oditocinsu suna bin wani tsari da wani kwamiti na Amurka mai suna COSO ya fitar a 1992, aka sabunta shi a 2013. Ya kasa sa-ido gida biyar: halin shugabanci, auna haɗari, ayyukan sa-ido, isar da bayani, da bibiya. Namu darasin a kan na uku yake, wato abin da hannu ke yi kullum.

3. Kada mutum ɗaya ya riƙe farko da ƙarshe

Duk wata hulɗar kuɗi tana da aiki huɗu a cikinta. Akwai mai ba da izini, akwai mai riƙe kuɗin ko kayan, akwai mai rubutawa, akwai mai dubawa daga baya. Idan huɗun suka taru a hannun mutum ɗaya, zai iya ɗauka, ya rubuta abin da ya so, ya kuma shaidi kansa.

Kada a ɗauka wannan matsalar ƙananan shaguna ce kawai. Bankin Barings na Ingila an kafa shi a 1762, ya ga yaƙe-yaƙe ya tsira, amma ya rushe a watan Fabrairu na 1995 saboda ma'aikaci ɗaya a reshensa na Singafo, Nick Leeson. Shi ke yin ciniki da kuɗin bankin, shi ne kuma ke shugabantar ofishin da ke rubuta cinikin. Duk asarar da ya tafka sai ya tura ta wani asusu mai lamba 88888 ya ɓoye, yana aika wa Landan labarin riba. Kafin a farga asarar ta kai fam miliyan 827. Daga ƙarshe bankin ING na ƙasar Holan ya saye Barings a kan fam ɗaya tak. Ba ƙwarewar sata ce ta kayar da bankin ba, haɗa masa aiki biyu da aka yi ne.

Misali na ɗaya. A ɗauka akwai ƙungiyar gama kai ta manoman riɗi a Kanya Babba, tana sayen riɗi da kaka ta ajiye, ta sayar idan ya yi daraja. Ga yadda ya kamata ta raba aiki. Shugaba da kwamiti su ke yanke shawarar saye ko sayarwa, a rubuta a littafin taro. Ma'aji shi ke karɓar kuɗi da biya, amma ba ya riƙe littafin lissafi. Sakatare shi ke rubutu, amma ba ya taɓa kuɗi. Mai sito yana riƙe kaya, ba ya fitar da ko buhu ɗaya sai da takarda. Sannan a zaɓi mambobi biyu da ba sa cikin shugabanni su riƙa dubawa duk wata. Yanzu idan ma'aji ya ɗauki naira 50,000, littafin sakatare zai tona shi. Idan sakatare ya rubuta ƙarya, kuɗin da ke hannun ma'aji ba zai yi daidai da rubutun ba.

Wani zai ce, to ni da yarona kawai ne a shago, da wa zan raba? Amsa ita ce, maigida ya riƙe abu biyu, komai yawan hidimarsa: izinin ba da bashi da sayo kaya, da kuma dubawa ta ƙarshe. Yaro ya sayar, ya rubuta. Maigida ya ƙirga da kansa. Mai shagon da ya bar wa yaro sayowa da sayarwa da rubutu da kai kuɗi banki, ya koma yana tambaya da baki "yau nawa aka yi?", ya jefa yaron cikin jarraba, kuma shi ma yana da rabonsa na laifin abin da ya biyo baya.

AKWATIN MA'ANA
Raba aiki: tsara aiki yadda izini, riƙo, rubutu da dubawa ba za su taru a hannun mutum ɗaya ba.
Izini: amincewar wanda aka ba iko, kafin a biya kuɗi ko a fitar da kaya, ba bayan an yi ba.

4. Takarda, sa hannu da makulli

Rubuta hulɗar kuɗi ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. A kasuwar dabbobi irin ta Maigatari ma, dillali ba la'ada kaɗai yake ci ba, shi ne shaidar cinikin idan magana ta taso.

Rasit mai amfani shi ne mai lamba a jere, mai kwafi a ƙasa. Lambar ita ce sirrin. Idan littafin rasit ya tashi daga 0451 zuwa 0500, mai dubawa ya tarar babu 0478, dole a faɗi inda ta shiga. Wanda aka ɓata ba a yage shi, sai a ja masa layi a bar shi a jikin littafin. A yi rubutu da biro, ban da fensir, kuma idan an yi kuskure a ja layi ɗaya yadda za a iya karanta na farko, a sa hannu a gefe.

Asusun ƙungiya a banki ya zama da sunan ƙungiya, ba da sunan ma'aji ba, kuma sai biyu cikin mutum uku sun sa hannu. A nan ne ake yawan yin wani ganganci: shugaba zai yi tafiya, sai ya sa hannu a caki biyu ko uku da ba a rubuta komai a kansu ba, "don kada aiki ya tsaya". Daga wannan lokaci sa hannun mutum biyu ya koma na mutum ɗaya. Saƙon alat na asusun kuma ya riƙa zuwa wayar wani mamba da ba ya cikin masu sa hannu.

Sito a sa masa kwaɗo biyu, makullan a hannun mutum biyu. Lambar sirri ta kati ko ta manhajar banki makulli ce ita ma, ba a ba da aronta. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 mutane da yawa suka koma tura kuɗi ta waya, sai alat na bogi ya yawaita. Ƙa'idar a nan gajera ce: ba a sakin kaya don mai saye ya nuna hoton tura kuɗi a wayarsa, sai mai shago ya ga kuɗin sun zauna a nasa asusun. Da yake muna bakin iyakar Nijar, shagon da ke karɓar sefa ya rubuta nawa aka karɓa da farashin canjin da aka yi a wannan rana, domin ratar canji wuri ne da kuɗi ke salwanta shiru.

Gwamnati ma irin waɗannan matakan take ɗauka, girma ne kawai ya bambanta. Tsarin biyan albashi na IPPIS da aka fara a 2007 an yi shi ne don toshe ma'aikatan bogi. Lambar BVN ta 2014 ta ɗaure duk asusun mutum da zanen yatsunsa. Asusun bai-ɗaya na TSA, da aka tilasta wa ma'aikatun tarayya a 2015, ya tara kuɗin gwamnati wuri ɗaya don a ga shigarsu da fitarsu.

5. Daidaita lissafi

Wannan shi ne aikin da ya fi kowane tona asiri, kuma ba ya bukatar fiye da tarawa da ɗebewa. Ka lissafa abin da ya kamata ya kasance, ka ƙirga abin da ke nan, ka gwada su.

AKWATIN MA'ANA
Daidaita lissafi: gwada bayanai biyu da suka fito daga hannaye daban-daban don a ga ko sun dace.
Giɓi: abin da ya ragu tsakanin littafi da ƙirge.
Rara: abin da ya ƙaru a kan littafi. Ita ma ana bincikarta, domin takan nuna an sayar ba a rubuta ba.

Misali na biyu, sito. Farkon wata ƙungiyar nan tana da buhu 120 na riɗi. A cikin watan an shigo da 45, an fitar da 70. Abin da ya kamata a tarar: 120 a tara da 45, 165, a ɗebe 70, saura 95. Masu dubawa suka ƙirga suka sami 91. Giɓi buhu 4. Idan muka ƙaddara buhu naira 100,000, ana maganar naira 400,000 ke nan.

Kada kowa ya yi saurin kiran mai sito ɓarawo. A sake ƙirgawa. A bi takardun fitarwa ɗaya bayan ɗaya, wataƙila an fitar da huɗu a ranar kasuwa ba a shigar a littafi ba. A tambayi wanda ya yi dakon. Sai an rasa bayani ta kowace fuska ake kai magana gaban kwamiti. Zargin da aka yi ba hujja yakan raba zumunci, kuma ya sa gobe kowa ya ƙi karɓar aikin sito.

Akwai kuma satar da ƙirgen buhu ba ya kamawa. A ce buhu yana cin tiya 40. Idan aka zari tiya ɗaya daga kowane buhu cikin 95, an kwashe tiya 95, wato buhu biyu da tiya 15, alhali buhunan suna nan cif yadda littafi ya ce. Maganin wannan sikeli ne. A rubuta nauyin kowane buhu ranar da ya shigo, ranar dubawa kuma a zaɓi goma daga wurare daban-daban, har da na can ƙasa da na lungu, a sake aunawa. Amfanin gona yakan ɗan rage nauyi idan ya ƙara bushewa, don haka kwamiti ya tsayar tun farko iyakar ragin da za a ɗauka a matsayin na bushewa.

Misali na uku, mai POS. Da safe maigida ya ba yaro tsabar kuɗi naira 200,000, a asusun na'ura kuma akwai 300,000. A yinin, mutane sun cire 150,000, wasu sun ba da tsaba 60,000 an tura musu, kuma an karɓi ladan aiki 4,500 a hannu. Don sauƙi mu ajiye ɗan abin da kamfanin na'urar ke cira. Tsabar da ta kamata ta rage: 200,000 a ɗebe 150,000, saura 50,000, a tara 60,000 da 4,500, ya zama 114,500. Asusun na'ura: 300,000 a tara 150,000 a ɗebe 60,000, ya zama 390,000. Da yamma aka ƙirga aka sami 109,500 a aljihun tebur. Giɓi 5,000. Da yake a ranar aka yi lissafin, yaro zai iya tuna wa ya ba canji fiye da kima. Da an bari sai ƙarshen wata, ba mai iya tunawa, kuma dubu biyar ta kullum ta zama 150,000.

6. Ba-zata, hutu da kunne

Dubawar da aka san ranarta ana yi mata shiri. Ma'aji zai iya aro kuɗi ya cike akwati ranar Asabar, ya mayar ranar Lahadi. Saboda haka ban da dubawar wata-wata, a riƙa yin ta ba-zata.

Wata dabara da masu karɓo bashi ke yi ita ce toshe ramin wannan da kuɗin wancan. Yaro ya karɓo 30,000 daga mai bashi na farko ya ci. Mako mai zuwa na biyu ya biya, sai ya rubuta da sunan na farko. Haka zai yi ta juyawa, kuma ba ya iya barin wurin ko na mako ɗaya, domin ranar da wani ya riƙe littafin asiri ya tonu. Shi ya sa bankuna ke tilasta wa ma'aikata tafiya hutu. Ma'aikacin da ba ya yarda kowa ya taɓa littafinsa, ko da ba shi da lafiya, a yaba ƙwazonsa, a kuma duba littafin. Maigida ya riƙa kiran masu bashi da kansa lokaci-lokaci yana tambayar nawa suka san ana bin su.

Sai kunne. Ƙungiyar ƙwararrun masu binciken zamba ta ACFE, mai hedikwata a Amurka, ta nuna a rahotonta na 2024 cewa kashi 43 cikin ɗari na zambar da ta nazarta an gano ta ne ta hanyar wani da ya tsegunta, kashi 14 ta hanyar oditan cikin gida, na oditan waje kuwa bai kai kashi 5 ba. Ma'ana, waɗanda ke kusa sun riga kowa gani. Abin da ke hana su magana shi ne tsoron a ce sun yi gulma ko sun tona asirin ɗan'uwa. Ƙungiya ta ware dattijo ɗaya ko biyu da za a iya gaya wa magana a asirce, a kuma bincika kafin a yarda da ita.

7. Inda matakan ke gazawa

Abu biyu ke karya duk tsarin da muka zayyana. Na farko haɗa baki: idan ma'aji da sakatare suka shirya, raba aiki ya tashi a banza. Wannan ne dalilin da ya sa ba a so su zama 'yan gida ɗaya, kuma ake sauya masu dubawa duk shekara. Na biyu ya fi wuya, wato shugaba da kansa ya taka ƙa'ida. A 2006 aka gano cewa an shekara da shekaru ana kumbura alƙaluman kamfanin Cadbury Nigeria da sama da naira biliyan 13, abin da ya kai ga sallamar manyan shugabanninsa, duk da cewa kamfanin yana da oditoci. Ƙaramin ma'aikaci ba ya iya ce wa mai gidansa a'a. Don haka a ƙungiya, rahoton masu dubawa gaban taron mambobi duka ake karanta shi, ba a miƙa wa shugaba a ɗaki ba.

Odita yakan zo sau ɗaya a shekara, kuma samfuri yake ɗauka, ba kowace takarda yake bi ba. Abin da yake fara tambaya shi ne wa ke ba da izini, wa ke riƙo, wa ke rubutu. Idan ya tarar da tsari mai ƙarfi sai ya dogara da littafin, idan ya tarar da sako-sako sai ya zurfafa, kuɗin aikinsa ma ya ƙaru. Bai zo ya maye gurbin sa-idon kullum ba.

A ganina, babban abin da ke hana waɗannan matakai aiki a garuruwanmu ba rashin ilimin lissafi ba ne, kunya ce. Yaya za ka ce wa Alhaji, wanda ya girme ka, ya kawo rasit? Yaya za ka ƙirga kuɗi a gaban Kawu? Mafita ita ce a ɗora ƙa'idar a kan kujera tun kafin a san wanda zai hau ta. A rubuta ta a tsarin mulkin ƙungiya, a karanta a taro, shugaba ya zama na farkon wanda za a duba. Hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi wa Ibnul Lutbiyya lissafi bayan ya dawo daga karɓar zakka, ya kuma hana shi abin da ya ware da sunan kyauta. Sahabi ne aka yi wa lissafi. Ma'aji mai gaskiya kuwa shi ya fi kowa cin moriyar littafi da shaidu, domin ranar da kuɗi suka ɓata su ne za su wanke shi.

Tambayoyin bita

1. Kawo abubuwa uku da ke haɗuwa kafin a yi zamba. Wanne ne maigida ya fi iko a kai, kuma don me?
2. Ware waɗannan zuwa na rigakafi da na ganowa: kwaɗo biyu a sito, ƙirgen ba-zata, sa hannun mutum biyu, kiran masu bashi a waya.
3. Wane aiki biyu aka haɗa wa Nick Leeson a bankin Barings?
4. Wani sito yana da buhu 80 na gero a farkon wata. An shigo da 35, an fitar da 52, an ƙirga an sami 60. Nawa ne giɓin? Faɗi abu uku da za a yi kafin a zargi kowa.
5. Mai POS ya fara da tsaba 150,000. An cire 90,000, an ba shi tsaba 40,000 ya tura, ya karɓi lada 3,000 a hannu. Nawa ya kamata a tarar a aljihun tebur?
6. Me ya sa ake binciken rara kamar yadda ake binciken giɓi?
7. Shugaban ƙungiyarku zai tafi Umra, ya ce zai sa hannu a caki uku ya bari. Me za ku ba shi shawara ya yi maimakon haka?
8. Aikin rukuni: ku zaɓi shago, adashi ko ƙungiyar da kuka sani, ba tare da ambaton sunan kowa ba. Ku rubuta wa ke ba da izini, wa ke riƙo, wa ke rubutu, wa ke dubawa, ku kawo wa aji a zama na gaba.